FILIN MATA: Kuɗin Kitso Ma Arzikin Jiha Ne

Yau zancenmu na lissafi ne, amma kada ku ajiye jaridar tukuna, gama lissafin ya shafi kibiyar kitsonku da dutsen gugarku.

Kun sani Gwamnati takan auna arzikin da ƙasa ta samar a shekara, haka nan kuma jiha. Jihar Kaduna tana da Hukumar Ƙididdiga tata, ban da ta Tarayya da ke Abuja. Masu wannan aiki sukan kasa sana'o'i kashi kashi, noma daban, masana'antu daban, ciniki daban. Sa'an nan akwai wani kaso can ƙasan takarda wanda su ke kira "sauran ayyuka". A nan a ke zuba mai kitso, da mai ƙunshi, da mai aski, da mai wanki da guga, da mai gyaran takalmi ko agogo. Abin mamaki, tela in ya ɗinka sabuwar riga ba ya cikinsu, sai in tsohuwa ya yi wa gyara.

To, yaya a ke aunawa? Ba dukan kuɗin da ya shigo hannu a ke ƙirgawa ba. A ce ke mai kitso ce a Unguwar Shanu, ranar jajiberen salla kin yi kai biyar, kowane naira 2,000, watau 10,000 ke nan. A ce man kitso da zare sun ci 1,500. Abin da ya rage, 8,500, shi ne abin da hannunki ya ƙara wa arzikin jiha. Ladan yarinyar da ke taya ki yana ciki, domin ita ma aiki ta yi.

Wahalar ita ce, kamfani yana da akawu da littafi, ke kuwa littafinki yana cikin kanki. Mai ƙididdiga ba shi da ikon bin Kawo da Badarawa da Unguwar Rimi gida gida. Sai ya zaɓi waɗansu gidaje da shaguna kaɗan, ya yi tambaya, ya kimanta sauran da su. In ya yi sallama a zaure maigida ya ce, "Matata ba ta sana'a," alhali kuwa mata uku na zaune a tsakar gida suna jiran layi, to, ba ke kaɗai aka shafe ba, har da ɗaruruwan da aka kimanta da ke.

Wannan rigima tsohuwa ce. Waɗansu Turawa biyu, Prest da Stewart, su suka fara lissafin arzikin Nijeriya na shekarar 1950 zuwa 1951. Suka ga lalle aikin mace a gidan miji yana da daraja, amma suka rasa ma'auni, sai suka auna shi da kuɗin aure! Ku ji fa, shekara da shekaru na daka da surfe da reno, a ce sadaki ne farashinsu. Da Dokta Pius Okigbo ya sake lissafin a 1962, sai ya fid da wannan. Har wa yau ƙa'idar ita ce, in kin yi wa 'yarki kitso ba a ƙirgawa, in kin yi wa 'yar maƙwabta an biya ki, ya shiga. Ni dai ban ga adalci a nan ba, amma haka a ke yi a duniya duka.

Kada ku ce lissafin banza ne. A 2014, da aka sabunta ma'aunin aka shigo da sana'o'in da dā aka yi wa ƙaramin kimantawa, irin su waya da fim, arzikin Nijeriya na 2013 ya tashi daga wajen naira tiriliyan 42 zuwa 80 a takarda. Ba wanda ya sami ƙarin kwabo a aljihu ranar nan, dukiyar tana nan tun dā, gani ne ba a yi ba. Kuma da irin takardun nan a ke duba inda za a ba da rance, ko a kafa wurin koyon sana'a.

Na san abin da ke ranku, tsoron haraji. Dokar Ƙididdiga ta 2007 ta hana a bayyana amsar mutum ɗaya da sunansa. Duk da haka ku nemi ganin katin shaidar duk wanda ya zo tambaya, ku kuma roƙi maigida ya bari ku amsa da bakinku, ko da daga bayan labule ne.

Sa'an nan ki sayi ɗan littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Shafin dama abin da ya shigo, na hagu abin da kika saya don aikin. In boko bai samu ba, ajami ya isa, ko ɗanki ya rubuta miki bayan isha'i. Wadda ta ce za ta kawo kuɗin gobe, ita ma a sa sunanta.