Martani: Jifan Mashi Ba Aikin Damtse Kaɗai Ba Ne

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce jifan mashi ƙarfi ne kawai: a ɗebo samarin Gwaram masu noma, su saita mashi a digiri 45, shi ke nan. Da girmanka, ka yi tuya ka manta da albasa.

Leƙa filin makaranta a Birnin Kudu ranar wasanni. Ƙato zai tsaya cik ya wurga, mashin ya yi sama ya faɗo nan kusa. Wani siririn yaro zai sheƙo da gudu, ya kafa ƙafar hagu kamar birki, gudun ya haura ƙugu da kafaɗa, hannu ya fyaɗa kamar bulala. Shi ke cin gasar. Saurin saki ne ke mulkin nisa: ƙara shi kashi 10 cikin ɗari, nisa ya ƙaru kusan kashi 21.

Digiri 45 kuwa lissafin allo ne, inda babu iska. Gwanaye kan saki tsakanin 32 da 36, don iska na tallafar mashi, jiki kuma ya fi saurin jifa gaba bisa ga sama.

Bayan Uwe Hohn na Jamus ta Gabas ya jefa mita 104.80 a 1984, an matsar da tsakiyar nauyin mashin maza santimita 4 gaba a 1986, nisa ya ragu. Damatsa ne suka motse? Julius Yego na Kenya a YouTube ya koyi dabara, ya zama zakaran duniya a 2015.

A nema wa yaranmu koci, Malam. Damtsen suna da shi tun daga gona.