A Fitar Mana da Turba a Dajin Falgore

Jama'a, ina koyon aikin malanta a Ogba, kusa da Agege ta Ikko. Yaran da ke gabana yawancinsu 'ya'yan Hausawa ne haifaffun nan. Sun san kasuwa da tashar jirgi, amma in na ce maɗaci ko marke sai su yi ta kallona, gama ba su taɓa ganin ko ɗaya a tsaye ba. Wannan ya sa na ɗauki alƙalami.

A nan Ikko akwai wani gandun daji a Lekki wanda aka kafa a 1990, faɗinsa hekta 78 kaɗai. An shimfiɗa hanyar katako ta ratsa fadama, an kuma rataya wata gada mai tsawon mita 401 a saman itatuwa. Malami ya kan kai ajinsa, yara su ga birai da tsuntsaye da idonsu. Abin da suka gani a yini guda ya fi abin da zan rubuta a allo cikin wata guda. Gani ya kori ji.

To, mu fa a Arewa? Ga dajin Falgore a kan hanyar Kano zuwa Jos, ya ninka na Lekki nesa ba kusa ba. Ga tuddai da duwatsu, ga Kogin Kano ya ratsa shi ya zuba cikin tafkin Tiga, wanda aka gama madatsarsa a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Ra'ayina shi ne hukuma ta fitar da turbar ƙafa daga bakin tafkin ta hau tudu, a sa wa itatuwa sunayensu da Hausa, a ɗauki mutanen ƙauyukan wurin su zama 'yan jagora da albashinsu.

A bisa tudun nan yaro zai gane darasin da ya fi kowane. Saiwar itace ita ke riƙe ƙasa. In aka sare itatuwa don gawayi, ruwan sama ya kwashe ƙasar ya zuba a tafki, tafki ya cike da laka, manoman rani na Kadawa da Kura su rasa ruwa.

Wani zai ce ɓarayin shanu da 'yan fashi sun sha ɓuya a dajin. Gaskiya ne, kuma ba malamin da zai kai 'ya'yan mutane sai an tabbatar da tsaro tukuna. Amma a tuna, kangon gida shi maciji ke so. Inda masu gadi da baƙi ke kai da kawowa kullum, ɓarawo ba ya sakewa. Wani kuma zai ce masu yawo za su ɓata dajin. Ai amfanin turba ke nan, ta tara ƙafafu wuri guda, sauran daji ya huta.

'Yan'uwana malaman gobe, icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Yaron da ya san sunan itace zai yi nauyin hannu ran da aka miƙa masa gatari.