Darasin Raƙuman Dawan Kure

A shekarar 1996, raƙuman dawan da suka rage a yankin Kure na Jamhuriyar Nijar ba su wuce 50 ba. Bayan shekara ashirin da 'yan kai, sun haura 600. Ba a killace su ba. Cikin gonaki suke kiwo, har sukan cinye wa manoma wake. To, me ya sa aka ƙyale su? Doka ta hana farauta, amma ba ita kaɗai ba ce: a wancan lokacin baƙi sun riƙa biyan kuɗin kallo, mutanen ƙauyukan sun samu aikin jagora, ƙungiyoyi kuma sun haƙa rijiyoyi sun ba da rance.

Mu dawo Yankari. Manomin da giwa ta tattake masa dawa, nawa ne rabonsa a kuɗin ƙofa? Muddin asara kaɗai yake gani, ba zai tona asirin maharbi ba.