Gidan Da Ba Kaka: Shawara Ga Masarautar Daura

Sanin kowa ne cewa a al'adar Bahaushe ba iyaye kaɗai ke renon yaro ba. Tsakanin uwa da ɗan fari akwai kunya, har ba ta iya ambaton sunansa, kuma kaka ce ke cike wannan gurbi. Ita ke tsayawa kan wankan jego har a yi arba'in, ita ke dama kunun kanwa, wurinta ake kai yaro ranar yaye. Ita ke kiran jikanta "maigidana", shi kuwa ya tsokane ta yadda ba zai taɓa yi wa mahaifiyarsa ba. Wannan wasan jika da kaka makaranta ce babba, domin a nan yaro ke samun bakin tambaya, a nan yake jin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da karin magana tun bai san ma'anarsu ba.

To amma Daura ta yau ta cika da gidajen da ba kaka. Tun da aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 2019, daga baya kuma Jami'ar Sufuri ta biyo, matasan ma'aikata ke ta zuwa da iyalansu suna kama haya, iyayensu na can nesa. Mace ta haihu, ba mai nuna mata yadda ake gasa cibiya. A ɗaya ɓangaren kuwa, cikin tsofaffin unguwannin birni da ƙauyukan Sandamu da Zango da Baure da Mai'aduwa, akwai dattawan da 'ya'yansu suka tafi neman abinci Kano ko Abuja, suna wuni ba mai ce musu sannu. Abin takaici ma, tsohuwar da ta daɗe ita kaɗai ita ce bakin mutane ya fi saurin jifa da maita.

A Amurka tun 1965 gwamnati ta kafa wani shiri na haɗa tsofaffi masu sa kai da yaran da ke bukatar kulawa. Daura ba ta bukatar kwaikwayon ofishinsu da takardunsu, domin tana da abin da ya fi su, wato masu unguwanni da dagatai da limamai waɗanda suka san kowane gida. Mai unguwa ya san tsohuwar kirki, ya kuma san baƙon da ya sauka. Abin da ya rage shi ne fada ta ba da umarni a riƙa gabatar da wannan ga wancan, kamar yadda aka saba yi wa baƙo mai masauki.

Wani zai ce jini ba ya aruwa. Amma ai riƙo da tallafi da zaman uwar ɗaki duk sun nuna Bahaushe ya daɗe yana ƙulla zumunta ba da haihuwa ba. Haɗarin da ya kamata a ji tsoro daban ne: kada a mai da tsohuwa 'yar aiki marar albashi, a jibge mata yara a tafi ofis. Wanda ya karɓi kaka ya karɓi haƙƙinta, wato gaisuwar Juma'a, da tuwon sallah, da turmin zane, da kai ta asibiti ranar da ƙafa ta ƙi. Mai unguwar da ya haɗa su shi zai riƙa bin sawu, kuma wurinsa tsohuwar za ta kai kuka idan an tauye ta.