Kafin mu miƙa makullin moto

 

Yau zancen moto ne. Daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai, ba jarin ƙuli-ƙuli da kiwon tumaki kaɗai ake ɗaukar wa bashi ranar zubi ba. Akwai uwar da ke ɗauka don ta cika wa ɗanta kuɗin moto, ya shiga kabu-kabu. Sana'a ce ta halal, tana rufa asirin gida. Sai dai yaron da ya koyi tuƙi a filin ƙwallo cikin sati biyu, hawa kawai ya iya, bai san hanya ba tukuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. To, shekarun ƴaƴanmu ke nan.

Tunda da kuɗinmu ake sayen moton, muna da ta cewa. Kafin a buɗe akwati, a yi sharaɗi uku.

Na farko, hular kwano ta shiga lissafin bashin tun farko, guda biyu: tasa da ta wanda ya ɗauko. A sa ta, a kuma ɗaure igiyarta ƙarƙashin haɓa. Hular da ke rataye a ƙahon moto ba ta tsare kan kowa.

Na biyu, takardu: permi, takardar moto da inshora. Ba don tsoron jandarma kaɗai ba. Wajen neman permi ne yaro ke koyon alamomin hanya da wanda ya kamata ya fara wucewa a mararraba. In kuma tsautsayi ya faɗa babu inshora, kuɗin maganin wanda aka buge kan wa zai dawo? Kan uwar da ta ci bashi.

Na uku shi ya fi shafar mu: yadda za a biya. In an ɗora wa yaro biya mai nauyi kowane sati, wallahi a kan kwalta zai nemo shi. Zai yi gudu don ya riga abokansa, ya ɗauki mutum uku, ya kai tsakar dare yana aiki. A nan ne wani zai miƙo masa tramadol, wai maganin gajiya. Gara a rage abin da zai kawo, a ƙara masa watanni. Kuɗin da ya jinkirta yana shigowa akwati, amma wanda ya karye a gado ko dala ba ya kawowa.

Ga ɗan lissafi, mu da muka saba da lissafi. Mai tafiyar kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 kowace daƙiƙa. In ya duba waya na daƙiƙa biyu, ya yi mita 28 ido rufe. In kuma ya ninka gudunsa, nisan da birki ke buƙata kafin ya tsaya ba ninki biyu ba ne, ninki huɗu ne. Sauri ya haifi nawa.

Mu riƙa tuna masu abin da sabon hannu bai sani ba: rairayin bakin kwalta da ke zame taya, amalanken jaki marar fitila bayan magariba, garken shanu da ke tsallakawa, ƙurar hunturu, manyan motoci a babbar hanyar Konni da Maraɗi, da cunkoson ranar kasuwa. Watannin farko ya tsaya cikin gari, da rana.

In mun hau bayansu, mu tattare bakin hijabi da zani kada taya ta kama. Kar mu ce «yi sauri, na makara». In an ga haɗari, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18.

Shugabanni, ku kai wannan magana zaman zubi mai zuwa. Abin da aka yarda da shi, magatakarda ta rubuta cikin dokokin ƙungiya, a karanta wa yaron gaban uwarsa kafin ya karɓi makulli.

Allah ya tsare mana su, ya dawo da su gida lafiya. Sai fitowa ta gaba.