Manhaja mai nauyi ba gwaninta ba ce

Manhajar farko da na haɗa ta lissafin bashi ce ga 'yan kasuwa, nauyinta ya haura MB 40. Na kai ta wata rumfar caji a Sabon Birni, na tura wa wani mai shago ta Xender. Washegari ya goge ta, ya ce wayarsa ta cika, kuma ba zai share hotunan 'ya'yansa saboda ni ba. A lokacin na ji haushi. Yanzu na san shi ke da gaskiya.

Abin da ya sauya min tunani shi ne tarihin kwamfutocin gida na farko. Commodore 64 da ta fito a 1982, ƙwaƙwalwarta KB 64 ce kacal. Faifan Amiga yana ɗaukar KB 880, wato hoto ɗaya na wayarka ba lallai ya shiga ba. Wannan ƙunci ne ya sa masu haɗa manhaja suka koyi matse ta. A 1989 wani Bafaranshe ɗan shekara 17, Fabrice Bellard, ya fitar da LZEXE. PKLITE ta biyo baya a 1990, masu Amiga kuma suna da PowerPacker.

Dabarar ba ta da wuyar fahimta. A cikin manhaja akwai abubuwan da ke ta maimaituwa. Maimakon a sake rubuta su, sai a sa alamar cewa a koma baya a kwafo, hanyar da Lempel da Ziv suka bayyana tun 1977. Sannan a liƙa wata 'yar ƙaramar manhaja a gaba. Da ka buɗe, ita za ta fara warware sauran a cikin ƙwaƙwalwa, sai aiki ya tashi. Kamar buhun auduga ne da aka danne don ya shiga mota.

Wani zai ce zamani ya wuce nan, ai memori ya yi arha. Ya yi arha ga wa? Matashi a Isa mai wayar GB 16 ko 32, wadda tsarin Android ya riga ya cinye wani kaso nata, da kuɗinsa yake biyan kowace sabuntawa. Mun kuma ga 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a yankinmu saboda matsalar tsaro, har wasu suka koma neman sabis ɗin Nijar a bakin iyaka. A irin wannan hali, tsakanin MB 5 da MB 50 akwai bambancin saƙo ya isa ko kada ya isa.

Ban ce matsi ba shi da illa ba. Warwarewa tana cin lokaci, kuma masu haɗa bairos sun daɗe suna ɓoye mugun kaya a cikin matsattsun fayil. Shi ya sa nake jan kunnenka kan manhajojin da wani ya taɓa ya ce ya rage musu nauyi. Kada ka sa irinsu a wayar da kake shiga banki da ita.

Fayil ɗin APK ma dama matsattse ne, irin na ZIP. Don haka aikinmu yau ya wuce matsi, sai mun zubar da abin da ba a buƙata. Facebook Lite da ta fito a 2015 ba ta kai MB 1 ba, ka ga ana iyawa idan an so. Tawa manhajar, da na cire manyan hotuna da tarkacen da na kwaso ban yi amfani da su ba, ta dawo MB 6.

Kai mai waya, duba nauyin manhaja kafin ka sauke, ka zaɓi mara nauyi idan akwai ta a Play Store. Mu masu haɗawa kuma mu riƙa gwada aikinmu a kan wayar da mutanenmu ke riƙewa. Mai shagon nan har yau da ita yake rubuta bashinsa.