WA YA RIƘE ALƘALAMI RANAR DA AKA RUBUTA DOKAR IRI?

Duk wanda ya tashi a ƙasar Rano ko Kibiya ya san abin da manomi yake yi idan kaka ta yi. Kafin a kai dawa masussuka sai ya bi dami-dami ya tsamo zangarniyar da ta fi cika ido, ya ɗaure ta daban, ya rataye ta a rumbu. Waken da zai shuka baɗi kuwa uwargida ce za ta cuɗe shi da toka ta rufe a tulu. Idan damina ta faɗi, shukar wani ta ƙone, sai ya taka gidan maƙwabci ya karɓo tiya guda, a kan idan Allah Ya kai mu kaka zai mayar. Wanda ya yi rara ya kai kasuwa ya sayar. Haka mutanen Rurum da Saji da Tarai da Durba suka gada kaka da kakanni, kuma ba a taɓa jin wanda ya nemi izinin wani kafin ya shuka abin da ya girbe da hannunsa ba.

To, a watan Mayu na shekarar 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan wata doka da ake kira Dokar Kare Nau'o'in Tsirrai, wadda ta shiga tsakanin manomi da irin da yake shukawa. Abin tambaya a nan shi ne, wa ya nemi a yi wannan doka, kuma a teburin wa aka tsara ta?

ABIN DA DOKAR TA ƘUNSA

Dokar ta ba duk wanda ya ƙirƙiro sabon nau'in iri, ya kuma yi masa rajista, ikon mallakarsa na shekara 20, idan itace ne kuma shekara 25. A tsawon wannan lokaci ba mai ikon hayayyafa wannan iri don ciniki, ko gyara shi don shuka, ko tallarsa, ko sayar da shi, ko tara shi don sayarwa, sai da yardar mai rajista. Kafin a yi wa iri rajista sai ya cika sharuɗɗa 4: ya zama sabo, ya bambanta da sauran, tsirransa su zama bai ɗaya, kuma kada ya sāke kama daga shekara zuwa shekara.

Mai karatu ya lura da sharaɗi na uku. Kaura da farafara da maiwar da ke rumbunanmu ba su taɓa zama bai ɗaya ba. A gona guda za ka ga wata ta riga wata nuna, wata ta fi wata jure fari, kuma wannan bambancin shi ne yake ceton talaka a shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri. Wato ma'aunin da aka kafa, tun daga tushe, irin kamfani ne kaɗai zai iya cika shi. Wahalar da kakanninmu suka sha ta ɗaruruwan shekaru wajen zaɓe da tacewa ba ta da wani matsayi a wannan doka, alhali kuwa daga irin wannan taska ta manoma masu bincike suke ɗibar abin da suke gyarawa.

Wannan tsari kuma ba a Abuja aka ƙago shi ba. Na wata ƙungiya ce mai suna UPOV da ke zaune a birnin Janiba, wadda ƙasashen Turai suka kafa da yarjejeniyar 1961, suka kuma tsananta ƙa'idojinta a 1991. A ƙarƙashin tsarin 1991, ajiye irin da aka yi wa rajista don sake shukawa rangwame ne kawai da gwamnati za ta iya bayarwa idan ta ga dama, a gonar mutum ta kansa, kuma bisa sharaɗin kada a taɓa maslahar mai rajista. Kai shi kasuwa a matsayin iri ba ya cikin rangwamen. Ita wannan ƙungiya ce ta duba dokar Nijeriya ta ce ta yi daidai da tsarinta, kuma a 2025 Nijeriya ta zama mamba. Har ila yau akwai sashe na 43 na dokar, wanda ya ce hukuncin da minista ya yanke a kan ƙorafi shi ne na ƙarshe. A kan wannan sashe ne ƙungiyar kare muhalli ta HOMEF ta kai ƙara Babbar Kotun Tarayya a Abuja a 2021.

SU WA SUKA TURA TA?

Ba sai an yi duba ba, domin masu abin ba su ɓoye kansu ba. A 2012, a taronsu na Amurka, ƙasashe 8 masu ƙarfin masana'antu suka ƙaddamar da wani ƙawance da suka ce na wadata Afirka da abinci ne. Tsarinsa shi ne manyan kamfanoni su yi alkawarin zuba jari, su kuma gwamnatocin Afirka su yi alkawarin gyara dokokinsu na ƙasa da iri da taki yadda za su yi wa masu jarin daɗi. Nijeriya ta shiga a 2013, kuma gyaran dokar iri don faɗaɗa wa 'yan kasuwa fage yana cikin abin da ta ɗauka wa kanta. Wannan ƙawance bai tsira daga suka ba ko a gidan masu shi: Majalisar Tarayyar Turai ta soke shi da kakkausar murya a 2016, Faransa kuma ta fice daga cikinsa a 2018. Amma alkawarin da aka ɗora mana bai fice ba.

A cikin gida kuwa akwai ƙungiyar manyan 'yan kasuwa da ake kira NESG. Asalinta taron tattalin arziki na farko ne da aka yi a 1993, lokacin da Cif Ernest Shonekan, tsohon shugaban kamfanin UAC, yake jagorantar majalisar riƙon ƙwarya. A 2016 wannan ƙungiya, tare da sashen lauyoyin kasuwanci na ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa, da tallafin hukumar agaji ta Ingila, suka kafa wani zaure na dindindin da Majalisar Tarayya mai suna NASSBER, wanda aikinsa shi ne tantance dokokin da 'yan kasuwa suke so a yi ko a gyara, da bin su har su fita. Ita dokar iri kuwa, NESG ta yi mata yaƙin neman goyon baya a fili, kafaɗa da kafaɗa da hukumar iri ta ƙasa da kuma AGRA, ƙungiyar da gidauniyoyin Gates da Rockefeller suka kafa a 2006.

Ba muna cewa an ba wani cin hanci ba ne. Abin da muke faɗa ya fi cin hanci girma, domin shi cin hanci laifi ne da ake iya kama mai yinsa. Wannan kuwa tsari ne da aka halatta. Mai jari yana da lauyoyi da masu bincike da kujera ta dindindin a zauren masu yin doka. Shi ɗan majalisa sau da yawa ba shi da ma'aikatan da za su karance masa daftari mai shafuka da yawa, balle su rubuta masa nasa, don haka wanda ya zo da rubutaccen daftari a hannu ya riga ya ci rabin yaƙi. Ina kujerar manomin Nariya ko Lausu a wannan zaure? Da wane harshe aka karanta masa dokar da za ta hau kansa? An yi wa mutum aski ba ya nan.

TSOHON ZANE NE

Wanda ya san tarihi ba zai yi mamaki ba. Kafin gwamna ya zo ƙasar nan, kamfani ne ya riga shi. A 1886 Ingila ta ba kamfanin Royal Niger na George Goldie takardar izinin mulki, ya zama shi ne ɗan kasuwa, shi ne mai kafa doka, shi ne mai karɓar kuɗin fito, kuma yana da sojojinsa. Da aka karɓe mulkin daga hannunsa a 1900 sai aka biya shi fam 865,000, aka kuma yanka masa rabin kuɗin ma'adinan wani babban yanki na Arewa har shekara 99. Shekara 3 bayan haka sojojin Lugga suka fasa Bebeji, nan kusa da mu, suka wuce Kano. Daga wannan kamfani ne UAC ta samo asali a 1929, ita ce kuma ta yi kaka-gida a cinikin gyaɗar da iyayenmu suka noma. A jiya kamfani da kansa yake zama a kujerar mulki. A yau ya gane cewa ya fi arha ya bar kujerar ga ɗan ƙasa, shi kuma ya riƙe alƙalami.

Ko a Amurka, inda ake ce mana can ne makarantar dimokuraɗiyya, haka abin yake. Tun 1973 akwai ƙungiyar ALEC, wadda take haɗa wakilan kamfanoni da 'yan majalisun jihohi a ɗaki ɗaya su tsara daftarin doka, kowane ɗan majalisa ya ɗauka ya kai jiharsa kamar shi ya rubuta. Wani bincike da jaridar USA Today da abokan aikinta suka buga a 2019 ya gano ƙudurori fiye da 10,000 da aka kwafo daga irin waɗannan daftarori na ƙungiyoyi masu wata manufa cikin shekara 8, fiye da 2,100 daga ciki kuma sun zama doka. A ƙasar ce kuma, a 2013, Kotun Ƙoli ta ba kamfanin Monsanto gaskiya a kan wani dattijon manomi na jihar Indiyana da ya sayi waken suya a rumbun 'yan kasuwa ya shuka, aka bar shi da biyan diyyar sama da dala 84,000.

HUJJAR MASU KARE TA

Za su ce dokar ba ta hana kowa shuka irinsa na gado ba, irin da aka yi wa rajista kaɗai ta shafa. Wannan gaskiya ne, kuma ba za mu ɓoye shi ba. Za su ce mai bincike ya cancanci ladan wahalarsa, kuma ƙasar nan tana buƙatar ingantaccen iri. Wannan ma mun yarda. Amma kowa ya ga yadda ake raba bashin noma: ba kuɗi ake ba ka ba, buhun iri da taki da maganin feshi ake haɗa maka, ka ɗauka ko ka bari. Shekara biyar ana haka, irin gado ya ƙare a rumbu, domin irin da ba a shuka shi mutuwa yake yi. Ranar da ya ƙare, 'yancin shuka irin gado ya zama 'yancin hawan dokin da babu shi. Masu noman rani a ƙarƙashin ruwan Tiga, daga Bunkure zuwa Kadawa, sun riga sun san abin da ake nufi da sayen irin tumatir na gwangwani kowace shekara da farashin da yake bin dala.

Kuma ƙarya ne a ce babu wata hanya. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta bar wa kowace ƙasa damar tsara nata salon kare nau'o'in tsirrai. Indiya ta yi tata dokar a 2001, ta kare mai bincike, ta kuma rubuta ƙarara cewa manomi yana da ikon ajiyewa da shukawa da musaya da rabawa, har da sayar da irin da ya girbe, muddin bai ƙunshe shi da tambarin kamfani ba. Shi ya sa da kamfanin PepsiCo ya kai wasu manoman dankali na jihar Gujarat kotu a 2019, manoma suka samu dokar da za su tsaya a kanta, kamfanin ya janye ƙararsa. Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ma ta fitar da nata samfurin doka mai kare haƙƙin manoma tun 2000. Duk waɗannan suna nan aka tsallake su, aka ɗauko wanda masu jari suke so.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Mutanen Rano sun fi kowa sanin saurin majalisa idan masu ƙarfi suna son abu. A watan Mayu na 2019, cikin 'yan kwanaki, Majalisar Dokokin Kano ta yi dokar da ta ɗaga masarautar Rano. A ranar 23 ga Mayu, 2024, wata majalisar ta rushe ta, gwamna ya sa hannu a ranar. A watan Yuli na shekarar aka sake dawo da ita da daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Rano da Bunkure da Kibiya. Majalisar da take iya wannan gudu ba ta da uzurin jan ƙafa a kan abin da ya shafi tuwon talaka, tunda tsarin mulki ya ba jihohi hurumin yin doka a kan bunƙasa noma.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa a kowane reshe. Na farko, a nemi wakilanmu na Rano da Kibiya a majalisar jiha, da wakilin Rano, Bunkure da Kibiya a Majalisar Wakilai, a tambaye su a bainar jama'a matsayinsu a kan gyara wannan doka, yadda za a rubuta haƙƙin manomi na ajiya da musaya da sayarwa a cikinta ƙarara. Na biyu, a matsa lamba cewa duk ƙudurin da ya shafi gona ko ruwa ko kasuwa a fassara shi da Hausa, a karanta shi a rediyo, a saurari jama'a a hedikwatar ƙaramar hukuma kafin a zartar, a kuma bayyana sunan duk wanda ya sa hannu a tsara shi da wanda ya biya kuɗin aikin. Na uku, ɗalibanmu da suka karanta shari'a da aikin gona su ɗauki bibiyar ƙudurorin majalisa a matsayin aiki, su riƙa kawo mana bayani tun abu yana ɗanye. Na huɗu, kowane gari ya ware rumbu guda na irin gado a hannun amintattun dattawa, a riƙa shuka shi ana sabuntawa duk shekara.

Wakilci amana ce, kuma wanda ya ba da amana ya juya baya yana da nasa kason na laifi. Idan muka ci gaba da barin alƙalami a hannun mai jari, ranar tana zuwa da jikan manomin Zurgu zai nemi rasit kafin ya shuka gonar kakansa. Allah Ya kiyashe mu da ganin wannan rana, Ya ba mu ikon tsayawa a kan gaskiya, amin.